Hannun Daman Hajiya Uwani

Duk ranar Asabar bayan Azahar, ku samari da 'yan matan Sabo kukan cika mini shago da kwamfutocinku, wai kun zo koyon haɗa manhajar waya. Na ce "wai" ne domin rabinku kun riga kun yanke cewa babu abin koyo a ciki. Makon jiya ɗayanku ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Oga, ka ga wannan? Manhajar hawan jini ce, irin taka. Kwana biyu na yi, AI ya rubuta mini rabi. E no hard at all." Wato ba wuya ko kaɗan. Na duba, kuma tsakani da Allah ta yi kyau, ta fi tawa ta farko nesa ba kusa ba. Ban yi masa gardama ba. Amma tun ranar nake jin ya kamata in rubuta muku yadda sana'ar nan ta kasance a hannuna, ni Isiyaku, haifaffen unguwar nan ta Hausawa a ƙasar Yarbawa. Dalili kuwa shi ne akwai wata tsohuwa a layin bayan masallaci wadda hannunta na dama ba ya iya naɗa alkaki yau, kuma da sa hannuna a cikin abin da ya same ta.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne goge ƙura. Mahaifina ɗan goro ne, ya so in gaje shi, ni kuwa idona na kan wani shagon buga takardu a unguwar Mokola, na wani Bayarabe da muke kira Oga Lekan. Da ya gaji da nacina ya kai ni da kansa, ya ce wa Oga da guntun Yarbancinsa, ga shi nan, in ya yi rashin ji a hukunta shi. Wata shida ina goge kwamfutoci, ina ja wa janareta igiya, ina sayo wa Oga amala, tuwon Yarbawa. Da ya ga ban gudu ba sai ya fara koya mini yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. A lokacin babu wurin da za ka jefa tambaya amsa ta faɗo maka. Littafi ne guda mai kauri kamar bulo, bangonsa duk ya yage, mu huɗu muke karɓa-karɓa.

Akwai wani mai kemis da Oga ya haɗa wa abin da zai riƙa nuna masa maganin da ya kusa lalacewa. Ranar da muka kai masa, Oga ya zaunar da ni a gefe a kan wani ɗan benci da ya sa na ɗauko daga shagonmu, ya ce wa mutumin ya gwada. Mutumin ya yi ta lalube, yana danna inda ba nan ba. Ni da rawar kai na miƙa hannu zan nuna masa, sai na ji Oga ya make mini bayan hannu. "Siddon look," in ji shi, wato zauna ka kalla. Sannan ya ƙara da Hausarsa ta kasuwa, "Ba shi ya yi kuskure ba, mu ne. Kalli inda yatsansa yake zuwa." Muka zauna har La'asar ba mu ce uffan ba, muka koma shago muka sauya rabin aikin. Ranar da ya yaye ni, wadda suke kira firidom, bayan an ci an sha an yi addu'a, ya sa aka ɗauko wannan bencin ya miƙa mini. Ya ce shi ne kayan aikina na farko, kwamfuta na biyu. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Kayan aikin sana'ar nan ba su ne waɗanda kuke zato ba. Kun sha tambayata me nake yi da tsofaffin wayoyin da ke cikin durowar teburina. Akwai mai fasasshen gilashi, akwai wadda cikinta ya cika da hotunan biki da wa'azi har ba ta da wurin numfashi, akwai wadda cajinta ba ya kai Azahar. A kansu nake gwada duk abin da na haɗa, domin irinsu ne a hannun mutanenmu. Manhajar da ke gudu a kan wayarku mai tsada, in ta shiga wayar mai sayar da rake sai ta durƙusa. Sannan akwai littafin rubutu da biro, saboda ranar da babu wuta babu mai. Sai bencin Oga Lekan, wanda shekaru da yawa ba abin da yake yi a shagona sai ɗaukar masu jiran gyaran waya.

Manhajar hawan jini ta samo asali ne daga wata waya da ta faɗa ruwa. Mai ita nas ce, Bayarabiya, sunanta Kafayat, tana aiki a wani ƙaramin asibiti da mutanen Sabo suke yawan zuwa, kuma tana jin Hausa kamar jakar Kano. Ina cikin busar da wayar take ba ni labarin abin da ke damunta. Ta ce, "Malam Isiyaku, mutanenku ba sa zuwa sai sun faɗi. Hawan jini ba ya sallama, ba ya ciwo, mutum yana yawonsa yana cewa lafiya lau. In na ba su magani, kwana goma su ji daidai su ajiye." Ta tambaye ni ko waya za ta iya tuna wa mutum shan magani, ta riƙe awon jininsa, in ya hau ta sanar da ita. Na ce mata wannan ai abu ne mai sauƙi. Kun ji, ni ma na taɓa faɗin irin maganarku.

Ta farko da na haɗa, kwafo ta na yi daga irin waɗanda Turawa suke yi wa kansu. Turanci zalla, da zane-zane masu hawa da sauka. Na sa wa dattawan da ke zama a ƙofar shagona, kafin mako ya zagayo duk sun goge. Kayan aro ba ya rufe katara. Sai na tuna da Oga, na jawo benci na zauna ina kallonsu, kuma a nan na koyi abubuwa. Na gane ba wanda yake shan magani da ƙarfe takwas, da sallar Asuba da ta Magariba ake auna lokaci, sai na ɗaure tunatarwar da lokutan salla. Na gane rubutu ba ya aiki, sai murya, don haka na roƙi matata Maryam na ɗauki muryarta tana cewa, "Lokacin shan magani ya yi," da "Alhamdu lillahi, awo ya yi kyau." Na mayar da sakamako launi uku: kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja a tafi asibiti. Likitan su Kafayat ne ya yanka iyakar kowane launi, domin ni ba likita ba ne, kuma kada wani cikinku ya taɓa ɗaukar kansa likita don ya iya rubuta umarni. Da azumi ya zo, da shawarar likitan, muka mayar da tunatarwar sahur da buɗa-baki. Mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuma kaina ya kumbura. Na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin mutanen Sabo.

Wani dattijo mai sayar da carbi ne ya sa na haɗa injin awo da waya kai tsaye. Da farko mutum ne yake karanta lambobi biyun da injin ya nuna ya shigar da hannunsa. Shi wannan bawan Allah kullum sai ya juya su, ta sama a ƙasa, ta ƙasa a sama, ran nan ma lambar wayar ɗansa ya zuba a ciki. Sai na nemo injin da yake magana da waya ta bulutut. Ka ɗaura a damtse, ka danna, ya matse ya saki, lamba ta wuce waya da kanta, daga nan ta wuce wurin Kafayat. Ba ruwan kowa da rubutu.

Wannan ya kawo wata matsalar. Wani yana sauka daga okada zai ɗaura, wani a kan hannun babbar riga, wani yana tsakiyar musu a kan ƙwallo. Awo ya yi sama, waya ta yi ja, wayar Kafayat ta yi ƙara, ta kira a ce mata ai lafiya ƙalau. Ran nan ta shigo shagona ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Abeg, Malam Isiyaku, wayarka ba ta barina in duba marasa lafiyar da ke gabana." Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Na zauna na rubuta layi huɗu kacal. Ma'anarsu ita ce, in awo ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa na kwanakin nan, a ɗauke shi kuskure ne, a ajiye shi gefe, waya ta ce a sake gwadawa anjima, launi kuma a fitar da shi daga sauran. Ƙarar banza ta ɗauke ɗif. Na ji daɗin layukan nan huɗu ƙwarai, har nuna wa abokan sana'a na riƙa yi.

Ku lura da abu ɗaya, domin ni ban lura ba. Duk zaman bencin nan da na yi, da maza na yi shi, a ƙofar shago da zauruka. Ni namiji ne, ba na shiga gidajen matan aure, kuma ban taɓa jin hakan ya rage mini komai ba. In mace ce mai ciwon, mijinta ko ɗanta nake koya wa, shi ya shiga ya koya mata.

Haka aka yi da Hajiya Uwani. Ƙawar marigayiya mahaifiyata Ai ce, tare suka tashi, kuma har na yi furfura ba ta kirana da suna sai "ɗan Ai". Sana'arta alkaki. Duk amaryar da aka kai da gara a Sabo, in ba alkakin Hajiya Uwani a ciki, sai an yi magana. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka wasa ne, amma naɗin alkaki aikin yatsu ne: a murza kwaɓin ya yi siriri, a naɗe shi a kan yatsu a sarƙe, kowane ya fito daidai da ɗan'uwansa, sannan a soya a tsoma a ruwan sukari. Ɗanta Nuhu sa'ana ne, dillalin shanu a kasuwar Akinyele, yana fita bayan Asuba sai Magariba. Da Kafayat ta ce jinin mahaifiyarsa ya hau sosai, shi ya karɓi inji, ya kawo mini wayarta a zaure na sa mata manhaja, na koya masa. Makonnin farko ja take nunawa, ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta zama kore, ta kuma zauna a kore wata da watanni. Nuhu in ya gan ni a masallaci sai ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka. Ni kuma duk wanda ya yi shakkar manhajata, da Hajiya Uwani nake ba shi misali. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Cikin damina ne, da hantsi, tana tsakiyar naɗin alkakin wani biki, kwaɓin ya suɓuce daga hannunta. Matan da ke wurin suka ce ta buɗe baki za ta yi magana, bakin ya karkace. Aka sa ta a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Washegari Nuhu ya zo shagona. Ya yi sallama, muka gaisa kamar kullum, sannan ya ciro wayarta daga aljihu ya ajiye a kan teburina, ya juyo mini da fuskarta.

"Malam Isiya, duba mini. Wane launi ne wannan?"

"Kore ne."

"Likita ya ce jinin nan ya daɗe a sama, ba jiya ya hau ba. Maganinta ya ƙare tun kafin azumi, ba ta aika an sayo ba, ta ce waya ta ce ta warke. Ni ma kullum sai na duba kafin in fita. Kore nake gani."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya bar mini wayar ya tafi, ni kuwa kunya da tsoro suka rufe ni, ko bakin ƙofa ban raka shi ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Asibitin ya dakatar da manhajar, kuma da gaskiyarsu. Mutane suka riƙa dawo da injuna, wasu ko shigowa ba sa yi, su ajiye a bakin ƙofa. Dattawan ƙofar shagona suka koma zama wani wuri. Ba wanda ya ce mini kanzil, kun san halinmu, amma gaisuwa ta gajarce. Na koma canza gilashin waya da gyaran wurin caji. Duk lokacin da babu kwastoma ina kan umarnin da na rubuta, ina bi layi-layi ina neman inda ya karye. Babu inda ya karye. Na kai injin Hajiya Uwani aka gwada shi da na asibiti, lafiyarsa ƙalau. Na buga duk awon Hajiya Uwani a takarda, na ga abin da ya ɗaure mini kai. Da safe akwai awo ɗaya mai hawa sosai, wanda layukana huɗu suka jefar gefe. Bayan La'asar kuma sai ka ga biyar ko shida a jere, minti kaɗan a tsakaninsu, duk lafiyayyu. Wata uku ina kallon takardun nan ina tambayar kaina, wane irin jini ne yake hawa da safe ya sauka da yamma, kuma me zai sa tsohuwa ta gwada kanta sau shida a zama ɗaya.

Wata safiya muna karyawa da koko da ƙosai, takardun na baje a kan tabarma, Maryam ta matsar da su don ta ajiye kofi. Idonta ya faɗa kan ɗaya. Ta ce, "Wannan ba ranar Larabar da muka je taya Inna Uwani suya ba ce? Ga shi nan, bayan La'asar. Ai na uku ɗin nan nawa ne."

Na ce, "Naki kamar yaya?"

"Nawa mana. Duk mun gwada ranar. Ai ba wanda zai shiga gidan Inna ya fito ba ta ɗaura masa injin ba. Ta ba ka ruwa, ta ba ka alkaki, ta ce zo a gwada ki. Har daga wancan layin aikowa ake yi a ara, a haɗa da wayar don a ji abin da za ta ce."

Na ajiye ludayin. Na ce, "Maryam, wata uku kina ganina ina fama. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta dube ni, ba da faɗa ba. Ta ce, "Ka taɓa tambayata? Ni ban san abin da ke cikin takardunka ba. Murya kawai ka ce kana so, na ba ka."

Ni da aka haifa a Sabo. Ni da na tashi ina ganin turmin gidanmu yana kwana a gida uku, dutsen gugarmu ba ya wuni a ɗaki, tukunyar biki guda ta aurar da 'yan matan layi kaf. Na san babu abin da mace za ta mallaka a unguwar nan ta hana maƙwabciyarta. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na rubuta waya ɗaya, inji ɗaya, mutum ɗaya, kamar yadda na gani a manhajojin da na kwafa. Awon matasan matan layi ya cika mata waya da kore. Nata na gaskiya, guda ɗaya tak da take yi da safe, shi ne wanda bai yi kama da sauran ba, shi ne kuma wanda na umarci waya ta zubar. Ita kuwa Kafayat masu ja kawai take kira.

Na sami Nuhu na gaya masa komai, na roƙi izinin shiga dubiya. Ya ce, "Ai uwarka ce, shiga." Na ɗauki bencin Oga Lekan na tafi da shi, na mayar mata da wayarta. Na same ta a tsakar gida a kan katifa, an jingina ta da filo, hannun daman yana kwance a cinyarta. Maganarta ta dawo amma a hankali take fita. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna, na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da layukan huɗu, ban rage komai ba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "To ɗan Ai, nawa ne ka zubar, ka ajiye na baƙi."

"Naki ne, Inna."

"Don bai yi kama da sauran ba."

"Haka ne, Inna. Ki yafe mini."

Ta ɗan jima tana kallon hannun. Ta ce, "Abin da Allah ya rubuta ba ya goguwa. Ni ma na bar magani da kaina, ba kai ka ƙwace ba. Naka da ka rubuta fa, yana goguwa?" Na ce yana goguwa. Ta ce, "To je ka goge, ka daina yi mini zaman makoki ina raye."

Na gaya mata gyaran da na yi niyya: zan kulle manhajar, sai da yatsan mai ita za ta buɗe, ba mai sake gwadawa sai ita. Nan na ga ranta ya ɓaci fiye da lokacin da na ba ta labarin kuskurena. Ta ce, "Wato so kake a ce Uwani ta tsufa ta koyi rowa? Maƙwabciyata ta ce ara mini, in ce waya ta hana? In haka ne kwashe kayanka." Na ce to yaya za a yi a bambance nata da na wasu? Ta sa aka miƙo wani kwanon sha, ta ce in kifa shi. A gindinsa akwai ɗigon jan farce guda biyu. Ta ce, "Shekara nawa kwanukana suna yawon biki, ka taɓa jin ɗaya ya ɓata? Kowace mace da alamarta. Wata ɗigo, wata kuros, wata zare a hannun tukunya. Ku masu boko ba ku san wannan ba?"

Ban tashi ba sai bayan La'asar. Na zauna a bencina na yi shiru kamar yadda aka koya mini. Mata suka yi ta shigowa dubiya, in sun gan ni su ja mayafi su gaishe ni, daga baya suka manta da ni. Da idona na ga injin ya bi damtse biyar, ana dariya ana tsokanar wadda ta ji tsoron matsar. Gani ya kori ji. A wuni ɗaya na koyi abin da shekara biyu a ƙofar shago ba su koya mini ba.

Gyaran ya ɗauke ni watanni, kuma wannan karon Maryam ce take ɗaukar benci tana shiga gidaje, ta dawo ta gaya mini inda yatsu suke zuwa. Yanzu kafin injin ya matse, waya takan tambaya, "Wa zai gwada?" sai alamomi su fito, kowace mace ta taɓa irin wadda ke gindin kwanonta. Akwai wurin baƙuwa, kuma in na baƙuwa ya hau, waya tana gaya mata ta je a duba ta. Ta nan aka gano wasu matan da ba su taɓa sanin suna da ciwon ba. Layukan huɗu na goge su. Yau in awo ya fita daban, waya takan ce a huta a sake, in an sake ya hau, ko ba a sake ba gaba ɗaya, sai ya wuce wurin nas. Kafayat ta ce gara ƙarar banza goma da shiru ɗaya irin wancan. Asibitin ya dawo da mu a hankali. Wasu mutanen har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Saboda haka kai mai manhajar kwana biyu, ban ce ba ta da kyau ba. Rubuta umarni ya yi sauƙi yanzu, Allah ya hutar da ku abin da muka sha. Amma na'urar da ta rubuta maka rabi ba ta taɓa zama a tsakar gida a Sabo ba, kai ma ba ka zauna ba. Bencin yana nan bayan ƙofa. Ka ɗauka ka je inda aka yarda ka shiga, inda ba a yarda ba ka roƙi ɗaya daga cikin 'yan matan ajin nan ta shiga, in ta fito kuma ka tambaye ta, ka saurari amsar.

Ƙafar Hajiya Uwani ta dawo, tana takawa da sanda. Hannun bai dawo ba, duk da gashin da aka yi ta yi mata a asibiti. Matan layinsu ne suke naɗa alkakin yanzu, ita tana zaune tana ba da umarni, tana kushe na kowa. Maganinta ba ya yankewa, alamarta a waya ɗigo biyu ja.

Bayan ƙaramar Sallar da ta biyo baya, Maryam ta dawo daga gidanta da kwano a rufe, ta ajiye mini a kan teburin nan. Na buɗe, alkaki ne cike, naɗi mai kyau, kowane daidai da ɗan'uwansa. A can sama akwai guda ɗaya karkatacce, gefe ya yi kauri gefe ya tsinke, ko sarƙewa bai yi ba. Maryam ta ce Inna ta fi rabin awa tana fama da shi da hannun hagu, ta hana kowa ya taimaka mata, kuma ta ba da saƙo.

"Ta ce a gaya wa ɗan Ai, kada ya zubar da wannan don bai yi kama da sauran ba. Shi ne nata."